Lissafin aure a gidan Bennet

Duk wanda zai karanta Pride and Prejudice na Jane Austen, littafin da masu karatun Faransanci a nan Damagaram suka fi sani da Orgueil et Préjugés, ya ajiye takarda da biro kusa da shi. An buga shi a Landan a watan Janairun 1813, babi 61 ne, kuma yawancin mutane labarin soyayya suke ɗaukarsa. Soyayyar tana ciki. Sai dai da wuya wani ya shigo labarin marubuciyar ba ta faɗi nawa yake samu a shekara ba, ko nawa yarinya za ta shiga da shi gidan miji. Mai tsallake waɗannan alƙaluma uwa mai yawan surutu kawai zai gani da ƴammata masu ɗokin aure. In ya tsaya ya haɗa su, zai ga gida ne da mutuwar mutum guda ta isa ta watsa shi.

Maigida Bennet yana da gandu mai suna Longbourn da ke kawo masa fam 2,000 a shekara. Ƴaƴansa biyar, duka mata: Jane, Elizabeth, Mary, Kitty da Lydia. Gandun yana ɗaure da wani sharaɗin gado da ya ce namiji kaɗai ke gadonsa, kuma mai riƙe da shi ba ya da ikon sayarwa ko rabawa. Tun da babu ɗa namiji, ranar da Bennet ya rasu gida da gona za su koma hannun Collins, wani ɗan uwansa na nesa. Abin da zai rage wa uwa da ƴaƴanta fam 5,000 ne da aka rubuta musu tun lokacin ɗaurin aurenta. Mutanen wannan aji ba sa taɓa uwar kuɗi. Gwamnati suke ba rance, su ci kuɗin ruwa kashi 4 ko 5 cikin 100 a shekara. A wurinmu riba ce, amma sai an san haka ake gane lissafin. Fam 5,000 a kashi 4 cikin 100 fam 200 ke nan a shekara, na mata shida, babu gidan zama. Daga 2,000 an faɗo 200. In uwar ma ta rasu, kowace yarinya ta tashi da fam 1,000, wato fam 40 a shekara. Collins da bakinsa ya ƙirga wa Elizabeth wannan a babi na 19, yana tsakiyar neman aurenta.

Fam 40 ɗin nan nawa ne a rayuwa? Littafin ya ba da ma'auni daga cikinsa. A babi na 50, da aka nemi Bennet ya riƙa ba Lydia fam 100 a shekara bayan aurenta, sai ya lissafa ya ga asararsa ba za ta kai fam 10 ba, don cinta da kuɗin kashewarta da abin da uwarta ke ƙara mata sun kusa kai hakan. Ashe yarinya guda a gidan tana cin kusan fam 90, alhali gadonta bai kai rabin haka ba. Saboda haka ban yarda da masu yi wa uwar gidan dariya kawai ba. Ba ta da kamun kai, bakinta ya sha jawo wa ƴaƴanta kunya, amma a duk gidan ita kaɗai ce lissafin nan ke hana wa barci. Maigidan, mai ilimi da iya magana, shekara 23 yana zaune a ɗakin karatunsa bai ajiye ko anini ba, yana jiran ɗa namiji da zai warware sharaɗin. Da ya tabbata ɗan ba zai zo ba, lokacin tanadi ya wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a ganina laifinsa ya fi na matarsa nauyi nesa ba kusa ba.

A nan mai karatu Musulmi ya kamata ya ɗan tsaya. Da a ce da shari'armu za a raba Longbourn, asalin rabon 24 ne: mata ta ɗauki tumuni, kashi 3, ƴaƴa mata su ɗauki sulusi biyu, kashi 16, sauran kashi 5 su tafi ga asaba, wato irin su Collins. In aka auna da fam 2,000 na shekara, uwa ta samu 250, ƴammata su raba kusan 1,333, kowace ta tashi da wajen 267, Collins ya tsira da wajen 417. Kwatanta 267 da 40. Da an yi wannan rabo, da rabin tashin hankalin littafin babu shi. Amma kada mu yi saurin yabon kanmu. Ayar Suratun Nisa'i tana nan, aiki da ita ne ke ƙaranci. Gidaje nawa ne a Birni da Zango suka shekara ashirin ba a raba ba, maza na zaune ciki, matan an ce ai suna ɗakin mazansu? Gonaki nawa ne a karkara ake ce wa mace ta bar wa ƴan uwanta maza su noma, har maganar ta bi ruwa? Macen da aka riƙe wa gadonta ta koma matsayin ƴaƴan Bennet, aure ya zama shi kaɗai ne rumbunta, kuma mai rumbu guda ba ta da bakin zaɓe.

Akwai bambanci na biyu da ke rikita mai karatu na nan. A Ingila ta wancan zamani kuɗi daga gidan amarya suke tafiya gidan ango, kuma da an ɗaura aure dukiyar mace ta zama ta miji, sai abin da aka keɓe mata a rubuce tun kafin aure. Sai a 1870 da 1882 majalisarsu ta yi dokokin da suka ba matar aure ikon riƙe abinta. Rabuwa kuwa, kafin 1857 sai majalisar ƙasa ta yi doka ta musamman a kan auren mutum, abin da sai manyan masu kuɗi ke iyawa. Mu a nan sadaki na mace ne ita kaɗai, dukiyarta tata ce, akwai saki, akwai hul'i. Miji ke kawo sadaki da lefe. Sai dai duk uwar da ta taɓa aurar da ɗiya ta san nauyin da ke faɗowa gidan amarya: gado da katifa, kujeru, kwanuka da tukwane, labule, ga gara a kai. Yawanci da adashe da gudummawar biki ake haɗa su, kuma gudummawar biki bashi ce da za a mayar ranar bikin mai bayarwa. Shi ya sa in aka ce a littafin wance tana da fam 20,000, kamar ƴan uwa mata na Bingley, saurayin da ya auri Jane a ƙarshe, ko fam 30,000, kamar Georgiana ƙanwar Darcy, attajirin da ya auri Elizabeth a ƙarshe, sai mai karatu ya tuna yadda ake leƙa ɗakin amarya ranar kai ta ana ƙirga abin da iyayenta suka zuba.

Aure huɗu aka ɗaura a littafin, amma wanda ya fi cancanta a zauna a kansa shi ne na Charlotte Lucas, aminiyar Elizabeth. Shekararta 27, ba a yaba kyanta, mahaifinta yana da laƙabin girma amma babu dukiyar da za ta ishi ƴaƴansa masu yawa. Collins ya nemi Elizabeth ta ƙi, cikin kwana uku ya nemi Charlotte ta amsa. Ta san sarai mutum ne marar wayo, mai fadanci, zama da shi gajiya ne. Ta kuma san yana da limancin coci da gidan zama da Lady Catherine, wata attajira ƴar uwar mahaifiyar Darcy, ta ba shi a Hunsford, kuma shi zai gaji Longbourn. A babi na 22 ta gaya wa Elizabeth gaskiya, cewa ita ba ta taɓa sa rai da soyayya ba, gida mai rufin asiri take nema. Ƙannenta maza suka yi murna don an sauke musu nauyin riƙe ta.

Abin da ke burge ni shi ne marubuciyar ba ta hukunta Charlotte ba, ba ta kuma ɓoye farashin da ta biya ba. Da Elizabeth ta kai mata ziyara, ta tarar da gida tsaf. Ta lura Charlotte tana ƙarfafa wa mijin aikin lambu don ya yini a waje. Ta lura ta zaɓi wani ɗaki na baya, marar kyan gani, ta mai da shi wurin zamanta, don da ta zauna a ɗakin da ya fi kyau da mijin ya riƙa shigowa kullum. In ya yi maganar kunya gaban baƙi, sai ta yi kamar ba ta ji ba. Kaji da sha'anin gida da jama'ar coci su ne abin da ke cika mata yini. Duk wanda ya san gidajen aure a garin nan ya san irin wannan mata. Ba ta kai ƙara, ba ta yaji, tukunyarta ba ta kwana da yunwa, kuma ta tsara zamanta yadda za ta rage haɗuwa da maigidan. Ta samu abin da ta nema daidai, babu ƙari. Ba na ganin laifinta, kuma ba zan so wa ƙanwata irin zamanta ba.

Ita kanta Jane Austen ta san wannan mararraba. A watan Disamban 1802 wani magajin gida mai dukiya, Harris Bigg-Wither, ya nemi aurenta, ta amsa da dare, gari na wayewa ta janye. Tana gab da cika shekara 27, shekarun Charlotte. Mahaifinta ya rasu a 1805, ita da mahaifiyarta da yayarta Cassandra suka koma dogaro da ƴan uwansu maza, har ɗaya daga ciki, Edward, ya ba su gida a Chawton a 1809. Wannan littafi kuwa fam 110 ta sayar da haƙƙinsa gaba ɗaya. Ta rasu a 1817 ba ta yi aure ba.

A babi na 27 Elizabeth ta yi wa matar kawunta, uwargida Gardiner, tambayar da ita ce zuciyar littafin: a sha'anin aure, ina hankali ya ƙare, ina kwaɗayi ya fara? Dalilin tambayar shi ne matar kawun ta gargaɗe ta kada ta saki zuciya ga wani hafsan soja mai suna Wickham don ba shi da komai, sai ga shi Wickham ya juya ga wata Mary King da ta gaji fam 10,000, matar kawun kuma ta ce kwaɗayi ne. Littafin bai amsa da wa'azi ba. Ya jera mutane ne ya bar mai karatu ya auna, kuma in aka auna za a ga tambayar "nawa gare shi" ita ce mafi ƙarancin amfani. Addininmu ma bai hana duba abin hannun mai nema ba. A hadisin Faɗimatu bint Ƙais da ke Sahihu Muslim, da ta nemi shawara kan masu nemanta, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya mata ɗaya ba shi da dukiya, ɗaya kuma ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, ya nuna mata Usama. An duba aljihu, an duba hali, a zama guda.

Tambayar da ta fi amfani ita ce daga ina kuɗin ke fitowa, kuma suna dawowa ko sau ɗaya suka faɗo. Wickham shi ne darasin. Mahaifin Darcy ya bar masa wasiyyar fam 1,000 da alkawarin limancin coci, wato abin da zai riƙa shigowa duk shekara har mutuwa. Ya ce ba ya so, a ba shi kuɗi a dunƙule. Aka ba shi fam 3,000. Fam 4,000 ke nan a hannu, daidai da abin da uwar gidan Bennet ta gada daga mahaifinta. Cikin kamar shekara uku babu ko ɗaya, ya dawo yana neman limancin da ya sayar. Da aka hana shi, ya nufi Georgiana mai shekara 15 da fam 30,000 ɗinta, saura ƙiris ya gudu da ita.

Wannan lissafi kullum ana yin kuskurensa a nan. A ɗauki misali: saurayi ya dawo daga Libiya ko daga haƙar zinariya a Jado da sefa miliyan 3. Ya kashe miliyan 1 da jika 200 a lefe da sadaki da shagalin biki, saura miliyan 1 da jika 800. In gidan na cin jika 100 a wata, tsakanin hatsi da cefane da haya da wuta da ruwan ƴan garuwa, wata 18 ne kuɗin za su yi, daidai lokacin da aka yi suna na farko. Ga wani kuma mai albashi ko sana'ar da ke kawo jika 120 duk wata. Ranar kai lefe ba zai yi armashin na farko ba, amma a shekara yana ganin miliyan 1 da jika 440, baɗi ma haka. Iyaye mata sukan ruɗu da akwati saboda shi ake buɗewa gaban jama'a. Abin da waliyyi zai bincika shi ne ko an juya kuɗin ci-ranin sun zama abin da ke haihuwa, kanti ko fili ko dabbobi ko babur ɗin kabu-kabu da ke kan hanya, ko kuwa suna aljihu ana zara.

Haka mai hangen gadon attajiri tsoho. Matan mamaci duka tumuni guda suke rabawa in akwai ƴaƴa, bayan an biya bashi an fitar da wasiyya. In su huɗu ne, kowace kashi 1 cikin 32 take samu. Dukiyar miliyan 32 ta bar wa amarya miliyan 1, kuma sau da yawa babban gidan da aka gani aka yi sha'awa gidan gado ne na dangi da ba a raba ba.

Sai maganar wa za a tambaya. Duk Meryton, garin da ke kusa da Longbourn, ta yaba Wickham saboda fara'a da kakin soja da daɗin baki, ta tsani Darcy saboda ɗaure fuska. Sai da Wickham ya bar garin aka ji ƴan kasuwar wurin duk suna bin sa bashi, ga bashi na sama da fam 1,000, mafi yawansa na caca, a Brighton, garin da rundunarsa ta koma. Masu kanti sun sani tun tuni, ba wanda ya tambaye su. Darcy kuwa, Elizabeth ta san yana samun fam 10,000 a shekara tun daren da ta fara ganinsa, kuma da wannan sanin ta ƙi shi a babi na 34, ta gaya masa maganganu masu zafi. Wasiƙarsa ta babi na 35, wadda ta tona halin Wickham, ta fara karya mummunan zaton da take yi wa Darcy. Abin da ya ƙarasa aikin a babi na 43 shi ne shaidar uwargida Reynolds, mai kula da gidansa na Pemberley, wadda ta san shi tun yana ɗan shekara huɗu. Ta ce bai taɓa yi mata magana mai zafi ba, kuma manoman da ke haya a ƙasarsa da barorinsa duk za su faɗi alherinsa. Wasu masu karatu na cewa ganin Pemberley ne ya juya Elizabeth, har ita ma ta faɗi haka da wasa ga yayarta. Ni ina ganin shaidar tsohuwar nan ta fi ginin nauyi, don Elizabeth ta tsaya ta yi tunanin mutum nawa ne jin daɗinsu ke hannun mutumin nan, da yadda yake riƙe da su.

Binciken aure a wurinmu yakan tsaya ga limamin unguwa da abokan fada da dangin yaro, kuma duk cikinsu ba mai son a ce shi ya ɓata aure. Wanda zai faɗi gaskiya shi ne mai kantin da ke rubuta masa bashi, da yaron shagonsa, da mai gidan da yake haya, da magini ko telan da ya taɓa yi masa aiki. In ya taɓa aure, a ji yadda aka rabu, da ko yana aika kuɗin abincin ƴaƴansa ba sai an kai shi gaban alƙali ba. Baffa ko kawu ya je da kansa, cikin sirri, ya tambayi mutum uku da ba su san juna ba.

Asali ma littafin bai bar shi ba. Ƴan uwan Bingley mata suna yi wa Jane da Elizabeth dariya don kawunsu ɗan kasuwa ne mai zama kusa da rumbunan hajarsa a Landan, alhali kusan fam 100,000 da ɗan uwansu ya gada daga kasuwanci aka tara su, gidan Netherfield da yake zaune ciki ma haya yake yi. Lady Catherine ta yi tattaki har Longbourn a babi na 56 don ta hana auren Darcy da Elizabeth saboda dangin uwar Elizabeth. Garin da ya san tazarar da ke tsakanin gidan sarauta da gidan fatauci, wanda har gobe ake raɗa a cikinsa cewa wane ɗan mahauta ne ko ɗan maƙera, ba ya bukatar a fassara masa wannan babi. Kawun nan da aka raina, shi da matarsa, su ne mafi hankali a duk dangin, kuma shi ya tsaya a Landan da abin kunya ya faru.

Abin kunyar shi ne Lydia, tana da shekara 16, ta bi Wickham daga Brighton da zaton za su tsallaka Sukotland a ɗaura aure, don a Ingila wanda bai kai 21 ba sai da yardar iyaye. Shi ba aure a ransa, bashi yake gudu. Sai da Darcy ya nemo su ya yi ciniki da shi: a biya bashinsa da ya haura fam 1,000 da yawa, a ƙara wa Lydia wani fam 1,000 a kan nata, a saya masa muƙami a rundunar soja, Bennet kuma ya riƙa ba da fam 100 duk shekara. Da haka aka rufa asirin sauran ƴammata huɗu, don da auren bai ɗauru ba, da babu mai mutuncin da zai nemi ɗaya daga cikinsu.

Babi na ƙarshe ya bi Lydia da Wickham bayan biki. Kullum suna kashe fiye da abin da ke shigowa, suna tashi daga wannan gari zuwa wancan neman haya mai sauƙi, kuma duk tashin da za su yi sai an rubuto wa Jane ko Elizabeth a taimaka a biya abin da ake bin su. Lydia ta aiko wa Elizabeth wasiƙar murnar aure, a ciki ta roƙi a nema wa mijinta aiki a fada mai kawo fam 300 ko 400 a shekara. Elizabeth ba ta kai maganar gaban Darcy ba. Daga kuɗin kashewarta take tsimi tana aika musu. Son da Wickham ke yi wa Lydia bai daɗe ba ya huce, nata ya ɗan fi nasa jimawa kaɗan.